Daga ɓatan wata zuwa jego: yadda ake kula da mai juna biyu mataki-mataki

Da zarar kin ga al'ada ta wuce lokacinta, ki zauna ki tuna ranar da jinin ƙarshe ya fara zuwa, ki rubuta ta a inda ba za ta ɓace ba. Ranar farawa nake nufi, ba ranar da kika yi wanka ba. Duk lissafin da za a yi miki daga baya a kan wannan rana zai tsaya. Ciki yana ɗaukar kimanin kwana 280, wato mako 40, kuma akwai hanya mai sauƙi ta gane lokacin haihuwa: ki ƙara kwana bakwai a kan ranar, sannan ki ƙara wata tara. Wadda jininta na ƙarshe ya fara ranar 10 ga Maris, sai ta sa ran sauka wajen 17 ga Disamba. Jarirai kaɗan ne ke zuwa a ainihin ranar da aka ƙiyasta, don haka kada hankalinki ya tashi idan ta wuce da kwana biyu ko uku. Daga mako 37 ciki ya isa haihuwa. Wanda ya zo kafin nan shi ne bakwaini, wanda kuma ya haura mako 41 sai a koma asibiti a duba, kada a zauna ana cewa ai lokacinsa ne bai yi ba.

Ki fara awo da wuri

Mata da yawa ba sa zuwa awo sai ciki ya turo riga. Wata kunya ce ke hana ta, wata kuma cewa take ai lafiyarta ƙalau, me za ta je yi. A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga yawan zuwa awo daga sau huɗu zuwa aƙalla sau takwas: na farko kafin ciki ya wuce mako 12, sai mako na 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40. Ki lura da yadda tazarar ke raguwa idan ciki ya tsufa. A wannan lokacin ne hawan jini da matsalar kwanciyar jariri suka fi bayyana, shi ya sa ake son a riƙa ganinki duk bayan mako biyu.

A zuwan farko za a yi miki tambayoyi masu yawa, kuma a nan ne nake roƙon ki da kada ki rage komai. Haihuwa nawa kika yi, ko kin taɓa ɓari, ko an taɓa yi miki aiki, ko jini ya taɓa ɓalle miki bayan haihuwa, ko kin taɓa jijjiga, ko kina da ciwon suga, sikila, farfaɗiya ko hawan jini, da kuma duk maganin da kike sha, har wanda ba na asibiti ba. Ma'aikaciyar jinya ba ta san tarihinki ba sai abin da kika gaya mata. Za a auna nauyinki da jininki, a duba fitsari, a ɗibi jini don a ga yawansa da rukuninsa, a kuma gwada ƙanjamau da tunjere da ciwon hanta nau'in B. Kada ki ji tsoron waɗannan gwaje-gwaje ukun. Dukkansu uwa na iya sa wa ɗanta, kuma dukkansu akwai abin da ake yi a tare su idan an gano da wuri. Tunjere ma allurar penisilin ce maganinsa. Idan aka ce rukunin jininki mai alamar negatif ne, ki tambaya game da allurar anti-D, domin ita ce ke kare cikin da zai biyo baya.

Hoton ciki kuwa, ko sau ɗaya ne za ki samu, ki yi shi kafin mako 24. Shi zai tabbatar da watannin cikin, ya nuna ko tagwaye ne, ya kuma nuna inda mabiyiya ta zauna.

Abu ɗaya game da farkon ciki: laulayi da kasala da amai na safe duk an saba da su. Amma ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, tare da ɗigon jini ko jiri kamar za ki faɗi, na iya zama ciki ne ya zauna a wajen mahaifa. Wannan ba ya jiran gari ya waye. Haka ma aman da ya hana ki riƙe ko ruwa a ciki yini guda.

Ƙwayoyin da za a ba ki

Za a ba ki ƙwayar ƙarin jini da ta folik asid, ki riƙa sha kullum. Abin da aka tsara shi ne miligiram 30 zuwa 60 na sinadarin ƙarfe da maikrogiram 400 na folik asid a rana. Folik asid yana aikinsa mafi girma ne a makonni huɗun farko, lokacin da lakar baya da ƙwaƙwalwar jariri ke haɗuwa, don haka wadda ke shirin ɗaukar ciki gara ta fara sha tun kafin ta samu.

Na san dalilin da ya sa ƙwayar ƙarin jini ke ƙarewa a ƙarƙashin matashi. Tana tayar da zuciya, tana sa bayan gida ya yi tauri ya kuma yi baƙi. Baƙin ba komai ba ne. Ki gwada shan ta da dare bayan kin ci abinci, ki yawaita shan ruwa, kuma kada ki haɗa ta da shayi ko kofi, domin suna hana jiki tsotse ta. Idan duk da haka ta gagara, ki faɗa a canza miki wata. Akwai masu cewa tana sa jariri ya yi ƙato a kasa haifarsa. Ba haka ba ne. Aikinta shi ne ta tara miki jinin da za ki iya jure wanda za ki zubar ranar haihuwa. Mace mai isasshen jini da wadda awon yawan jininta ya faɗi ƙasa da 11 za su iya zubar da jini daidai wa daida, ɗaya ta tashi ta ci abinci, ɗaya a shiga neman wanda zai ba ta jini.

Sai allurar rigakafin sarƙe-haƙora. Wadda ba ta taɓa yi ba za a yi mata biyu, tsakaninsu aƙalla mako huɗu, ta biyun kuma ta kasance aƙalla mako biyu kafin haihuwa. Idan kika cika biyar a tsawon shekaru, kin samu kariya har ƙarshen shekarun haihuwarki, saboda haka ki adana katin. A wuraren da zazzabin cizon sauro ya yi yawa ana ba da ƙwayar SP, wato ta rigakafin zazzabin, daga mako na 13, sau ɗaya a wata, aƙalla sau uku kafin haihuwa, tare da kwana cikin gidan sauro mai magani kowane dare. Zazzabi ga mai ciki yana cinye jini, yana kuma hana jariri girma, ko da ita ba ta ji wani ciwo sosai ba.

Ban da abin da aka rubuta miki, kada ki sha komai don wata ta ce ya yi mata amfani. Farasitamol ba shi da laifi idan an bi ƙa'ida, amma magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac a guje su, musamman a watanni ukun ƙarshe. Taba da giya babu su gaba ɗaya. Abinci ki ci wanda kika saba, ki sassauya shi, ki ƙara ganye da 'ya'yan itatuwa da masu gina jiki. Ki ci gaba da aikinki da ɗan tattaki, ki bar ɗaukar kaya masu nauyi, kuma daga wata na bakwai ki riƙa kwanciya ta gefe maimakon rigingine.

Hawan jini, wanda ba ya sallama

A nan zan ɗan daɗe, domin shi ne ya taɓa ba mu tsoro a gida. Ƙanwata tana cikin wata na takwas na cikin fari, wata safiya na tarar da ita a bakin famfo tana shafa wa yatsarta sabulu, zobe ya ƙi fita. Na dubi fuskarta, fatar idonta ta kumbura kamar wadda ta kwana tana kuka. Na ce, "Ke, tun yaushe?" Ta ce, "Yaya, kwana uku ke nan, ga kuma kaina kamar ana sara. Ai an ce haka ciki yake." Muka tafi a ranar. Da aka ɗaura mata abin awo a dantse, ma'aikaciyar ta sake aunawa, ba ta ce komai ba, ta tashi ta kira likita. Ba a bar mu mun koma gida ba sai da jariri a hannu.

Kumburin ƙafa da yamma, wanda ke sacewa idan an kwanta, yawancin masu ciki suna yi. Wanda ake tsoro shi ne na fuska da hannu, musamman idan ya zo farat ɗaya. Idan awon jini ya kai 140 bisa 90 bayan mako na 20, kuma aka ga sinadarin furotin a fitsari, to mace ta kama hanyar jijjiga. Alamominsa su ne ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, gani dishi-dishi ko ganin walƙiya, da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama ko saman ciki, wanda ake yawan ɗauka gyambon ciki ne. Sau da yawa kuma babu wata alama ko ɗaya, abin awo ne kaɗai ke tona shi. Don haka duk ranar awo ki tabbata an auna ki, ki tambayi lambar, ki ga an rubuta a kati. Masu haɗarin kamuwa, irin su mai tagwaye ko wadda ta taɓa yi a baya, likita kan ba su ƙaramin asfirin ko ƙwayar kalsiyam. Shi zai yanke wannan, ba ke ba.

Idan har mace ta faɗi tana jijjiga, a kwantar da ita ta gefe, kada a cusa mata cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura mata ruwa ko wani jiƙo, a ɗauke ta zuwa asibiti nan take. Akwai allurar da ke tsayar da ita, magnesium sulfate, kuma a can take.

Motsin jariri ma awo ne da ke hannunki. Mai cikin fari kan fara ji wajen mako 18 zuwa 20, wadda ta saba kuma ta riga haka. Ki san lokutan da ɗanki ya saba motsi. Ranar da kika ji ya yi shiru ko ya ragu sosai, ki kwanta ta gefen hagu ki saurara, idan bai dawo yadda ya saba ba ki tafi a saurari bugun zuciyarsa a ranar. Zancen cewa jariri yana daina motsi idan haihuwa ta matso ba gaskiya ba ne. Sauran abubuwan da ba a kwana da su: zubar jini komai ƙanƙantarsa, zubar ruwa kafin lokaci, zazzabi, numfashi sama-sama, da ciwon ciki mai tsanani wanda ba ya saki.

Shirin da ake gamawa kafin wata na tara

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kimanin 260,000 ne suka rasu a shekarar 2023 sanadiyyar ciki da haihuwa, kuma mafi yawan abin da ya kashe su yana da magani. Masana sun daɗe suna bayyana lamarin da jinkiri uku: jinkirin yanke shawarar a tafi, jinkirin isa wurin, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Biyun farko a cikin gida ake yin su, kuma a nan ne maganar ta koma kan maigida.

Malam, ka zauna da matarka tun ciki yana wata bakwai ku amsa waɗannan tambayoyi da baki, ba a zuci ba. A ina za ta haihu, kuma wurin yana buɗe da dare? Idan abu ya gagara a can, ina ake turawa, kuma akwai ɗakin tiyata da wurin ƙarin jini? Wace mota ce za ta kai ta da ƙarfe biyun dare, lambar wa za a kira, idan bai ɗauka ba sai wa? Wa zai zauna da sauran yara? Su wa za su ba da jini idan an buƙata? A nemi mutum biyu da jininsu ya dace, a gaya musu tun yanzu. A ware kuɗi a ajiye daban, kada a taɓa. Sannan wadda ta fi duka: idan ba ka gida, ta tafi ba tare da ta jira ka ba. Ka faɗi wannan a gaban mutanen gidan, kowa ya ji da kunnensa, domin an sha rasa awa uku ana neman mutum a waya mace tana kwance cikin jini.

Akwai waɗanda tun farko bai kamata su yi tunanin haihuwa a ƙaramin wuri ba: wadda aka taɓa yi wa aiki, mai tagwaye, wadda jaririnta ya zo a zaune ko a gicciye bayan mako 36, wadda mabiyiya ta tare bakin mahaifarta, mai hawan jini ko ciwon suga, yarinya ƙarama mai cikin fari, da wadda ta haihu biyar ko fiye. Wannan ta ƙarshen ita ce ta fi gardama, tana cewa ta saba. Mahaifar da ta sha aiki ita ce ke saurin kasa tsukewa bayan haihuwa. Idan gidanku da nisa, ki koma kusa da asibitin tun saura mako biyu.

Jaka kuwa ba ta da wuya: katin awo a sama, zannuwa masu tsabta, audugar mata mai yawa, kayan jariri da hula, sabulu, tocila, da cajar waya.

Ranar naƙuda

Ciwon ƙarya yana zuwa ba tsari, idan kin canza kwanciya ko kin yi tafiya sai ya lafa. Naƙudar gaskiya tana farawa daga baya ta zagayo mara, tana ƙara ƙarfi, tazararta tana raguwa, wani lokaci da majina mai ɗan jini. Idan ta koma duk minti biyar, kowace tana ɗaukar kusan minti guda, ki kama hanya. Mai nisa da wadda ta saba haihuwa da sauri kada su jira haka. Idan faya ta fashe ki tafi ko babu ciwo, ki lura da lokacin da kuma launin ruwan. Fari tas shi ne daidai. Kore ko ruwan ƙasa yana nufin jariri ya yi kashi a ciki, ki faɗa da zarar kin isa.

Kada ki sha komai don naƙuda ta yi sauri. Maganin da ke matsa mahaifa ba tare da awo ba yana iya fasa ta. Kada kuma ki yarda a danna miki ciki daga sama. Kina da damar samun wadda kika yarda da ita a gefenki, ki tashi ki zagaya, ki sha ruwa, ki yi fitsari a kai a kai. Bakin mahaifa sai ya buɗe santimita 10 kafin a fara yunƙuri, don haka ki jira ungozoma ta ce miki lokaci ya yi, in ba haka ba ki gaji a banza, bakin kuma ya kumbura. Naƙudar da ta wuce awa 12 ba a ga ci gaba ba, ko ta kwana ta yini, tana buƙatar likita. Kan jariri da ya daɗe a toshe yana danne mafitsara har naman ya mutu, daga nan ake samun yoyon fitsari. Idan likita ya ce sai an yi aiki, ku tambayi dalili, a yi muku bayani, sannan a sa hannu ba tare da an tafi neman shawarar dangi na nesa ba.

Awa ta farko da yinin farko

Da jariri ya faɗo, a goge shi da busasshen zane, a ɗora shi a ƙirjinki fata da fata, a rufe ku tare, a sa masa hula. A jira minti ɗaya zuwa uku kafin a ɗaure cibiya, domin jinin da ya rage a ciki nasa ne. Ke kuma a yi miki allurar oksitosin nan take, ita ce ke tsuke mahaifa ta rage zubar jini. Inda babu ita ana ba da ƙwayar misoprostol. Mabiyiya takan fito cikin rabin awa. Idan ta wuce haka kada a ja cibiya da ƙarfi, ma'aikata ne za su fitar da ita. Ki sa jariri a nono cikin awa ɗaya. Dakashi, wannan ruwan farko mai kauri da launin rawaya, shi ne rigakafinsa na farko, kada a matse a zubar. Ba ya buƙatar ruwa ko wani abu daban. A jinkirta yi masa wanka zuwa awa 24, a bar cibiya a bushe da tsabta, kada a shafa mata komai sai chlorhexidine, maganin kashe ƙwayoyin cuta, idan an ba ku. Kafin ku fita a yi masa rigakafin tarin fuka, na shan inna da na ciwon hanta.

Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe masu jego, kuma yana iya gamawa da mace cikin 'yan awoyi. Rabin lita ya isa a kira shi haɗari. Ki sa hannu a ƙasan cibiyarki: ya kamata ki ji mahaifa da tauri kamar ƙwallo. Idan ta yi laushi, ki murza wurin har ta taurara, ki yi fitsari, ki kira ma'aikaciya. Idan auduga tana jiƙewa sharkaf cikin ƙasa da awa guda, ko gudan jini manya suna fita, ko kina jin jiri da sanyin hannu, ki ɗaga murya, ba lokacin kawaici ba ne. Saboda wannan ne ake son ki yi awa 24 a asibiti ko da kin ji garau.

Bayan an koma gida

A sake duba ku ke da jariri a rana ta uku, sannan tsakanin kwana 7 zuwa 14, sai kuma a mako na shida. Jinin biƙi yana raguwa a hankali, daga ja zuwa ruwan ƙasa zuwa fari-fari. Idan ya dawo ja da yawa, ko ya yi wari, ko zazzabi ya zo da ciwon mara, a koma. Jijjiga ma tana iya zuwa bayan an haihu, saboda haka ciwon kai mai tsanani a makon farko ba na rashin barci ba ne sai an auna an tabbatar. Ƙafa ɗaya da ta kumbura tana zafi, ko ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, na iya zama gudan jini ne a jijiya. Shi kuma jariri, idan ya ƙi kama nono, jikinsa ya yi zafi ko sanyi, yana numfashi da sauri, cibiya ta yi ja tana ruwa, ko idonsa da tafin hannunsa sun yi rawaya, a kai shi a ranar.

Ki ci gaba da ƙwayar ƙarin jini kamar yadda aka ce miki. Yawan kuka da ƙuncin rai a kwanakin farko yakan wuce da kansa, amma idan ya haura mako biyu, ba kya barci ko da jariri ya yi, ba kya jin daɗin komai, ko tunanin cutar da kanki yana zuwa miki, ki gaya wa ma'aikaciyar lafiya, ciwo ne mai magani. A zuwan mako na shida ki tayar da maganar tazarar haihuwa da kanki idan ba a tayar ba. Shawarar masana ita ce a bar aƙalla wata 24 kafin a sake ɗaukar wani cikin. Shayarwa tana hana ɗaukar ciki ne kawai idan nono zalla jariri yake sha dare da rana, bai kai wata shida ba, al'ada kuma ba ta dawo ba. Da ɗaya daga cikin ukun ya sauya, sai a nemi wata hanyar.